Ƙuri'ar makaho, sirrin wa?

Duk wanda ka tayar wa da maganar makafi da guragu da zaɓe a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, unguwanninmu na zango a birnin Accra na Ghana, amsar da zai fara ba ka ita ce, ai su ba su da matsala, ko layi ba sa bi. Kuma gaskiya ya faɗa. Da zarar an hango tsoho riƙe da sanda ana yi masa jagora, ko mace a kan keken guragu, sai layi ya dare biyu, wani ya ce a ba su hanya, wani ya jawo benci. Su ma ma'aikatan zaɓe an umarce su da su gabatar da tsofaffi da masu juna biyu da masu nakasa. Ban taɓa ganin an yi gardama a kan wannan a zango ba, kuma abin alfahari ne a gare mu. Sai dai wannan kirkin namu ya rufe mana ido daga abin da ke faruwa bayan an wuce layin, a ɗan takin da ke tsakanin teburin karɓar takarda da akwatin ƙuri'a. A nan ne zaɓen yake, kuma a nan ne ake barin makaho a hannun wani.

Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya yi alkawari biyu a wannan fage. Sashe na 42 ya ce duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 kuma yake da cikakken hankali yana da ikon jefa ƙuri'a. Sashe na 49 ya ce a asirce za a jefa ta. Bai ware kowa ba, bai ce ban da wanda ba ya gani ba. Mu masu ido mun saba da wannan sirrin har ba ma lura da girman abin da yake yi mana. Shi ne yake ba ɗan haya damar saɓa wa maigidan da ya ba shi ɗaki, yaron shago ya saɓa wa ubangidansa, matar aure ta zaɓi wanda mijinta ba ya so, a dawo gida a ci tuwo lafiya. Ɗan siyasa ya raba shinkafa da atamfa da 'yan sidi, talaka ya karɓa ya gode, ya shiga bayan kwalin nan da ake kafawa a rumfar zaɓe don kare idon jama'a ya dangwala wa wanda ransa ya kwanta da shi. Ba don sirri ba, da ƙuri'ar talaka ta zama ta wanda yake ciyar da shi.

To wa ya fi kowa buƙatar wannan kariya? Wanda cinsa da shansa da wurin kwanansa suke hannun wasu. A unguwanninmu kuwa babu wanda ya kai tsohon makaho dogaro da hannun wasu. Wato mutumin da ya fi kowa buƙatar a rufa masa asiri shi ne wanda tsarinmu yake tilasta wa ya faɗi zaɓinsa da baki, a fili, cikin kunnen wani.

A gidan hayar da na girma akwai wani dattijo, tela ne a da, hawan jinin ido ya cinye masa gani bayan ya manyanta. Tun daga asuba rediyonsa na manne da kunnensa, kuma babu wanda ya kai shi sanin siyasar ƙasar nan a gidan. Shi ke gaya mana abin da aka ce a majalisa jiya da wanda ya faɗa. Ɗakin da yake ciki mai gidan ne ya bar masa, ba ya karɓar ko kobo, kuma mai gidan mutumin kirki ne, amma kowa ya san jam'iyyarsa, tutarta na kafe a saman zaure. Ranar wani zaɓe da sassafe ɗan mai gidan ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Baba, Alhaji ya ce in kai ku ku yi zaɓe kafin rana ta yi zafi." Baba ya sa babbar riga da hula, ya dafa kafaɗar yaron suka tafi. Ba su daɗe ba suka dawo, ɗan yatsansa da tawada, 'yan gida na ta yi masa barka.

Da yamma na kai masa shayi, na tambaye shi yadda aka yi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, na dangwala dai. Yaron ya kama babban yatsana ya tsoma a tawada, ya ɗora a takarda." Na ce, ba ku gaya masa wanda kuke so ba, Baba? Ya ce, "In na gaya masa, kafin magariba Alhaji ya ji. Da wane bakin zan gaishe shi gobe?" Bai zargi yaron da komai ba, bai ce an cuce shi ba. Yaron ma a ransa lada ya nema. Amma a ƙididdigar ranar an rubuta cewa Baba ya yi zaɓe, alhali abin da ya faru shi ne Alhaji ya jefa ƙuri'a biyu.

Dokar zaɓe ta yarda makaho, ko wanda wata nakasa ta hana shi dangwalawa da kansa, ya zo da wanda ya zaɓa ya taimaka masa. Doka ce mai kyau, ba na so a taɓa ta. Amma a duba kalmar "wanda ya zaɓa" a rayuwar mutum irin Baba. Ba shi ne ya zaɓi ɗan jagoransa ba, hali ne ya zaɓa masa. Wani jikansa ne ɗan shekara goma yake ja, yaron da zai tsaya gaban kwali ya ɗaga murya ya ce, "Kaka, lema ko giwa?", wato alamomin manyan jam'iyyu biyu, wakilan jam'iyyu na zaune taku kaɗan suna ji. Wani kuma 'yan jam'iyya ne ke bin gida-gida da mota ranar zaɓe suna kwasar tsofaffi da marasa lafiya, wanda ya kawo ka shi zai raka ka ciki, shi zai mayar da kai gida. Kowace jam'iyya na yin wannan inda take da ƙarfi, kada wani ya nuna wa wani yatsa.

Abin takaicin shi ne, maganin wannan ya daɗe da samuwa a ƙasar nan. Tun farkon shekarun 2000 Hukumar Zaɓe, tare da ƙungiyoyin makafi, ta shigo da wata riga ta kwali da ake zura takardar ƙuri'a a ciki, kuma Ghana na cikin ƙasashen Afirka da suka fara gwada ta. Aikinta ba wuya. Idan an zura takardar, rigar na rufe ta gaba ɗaya, sai 'yan tagogi da aka yanke, kowace taga ta faɗa daidai kan gurbin da ake dangwala wa ɗan takara ɗaya. A gefen kowace taga akwai alama mai tudu da yatsa ke iya ji. Mai zaɓe zai lalubo daga sama, ya ƙirga, ɗaya, biyu, uku, har ya isa lambar wanda yake so, ya tsoma babban yatsa a tawada ya danna cikin tagar. Kwalin ya kare sauran gurabe, don haka ko hannunsa ya ɗan goce ba zai taɓa gidan wani ba. Ya zare takardarsa, ya ninke, a nuna masa bakin akwati ya jefa. Babu wanda ya tambaye shi, babu wanda ya ji. Ba lantarki take buƙata ba, ba intanet ba, kwali ne da aka yanke da hikima.

Yanzu a shiga lungunan Sabon Zango a tambayi makafi goma ko sun taɓa riƙe wannan riga a hannunsu. Ina da yaƙinin mafi yawansu ko labarinta ba su ji ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Horon da ake bayarwa kafin zaɓe yakan bi ta Ƙungiyar Makafi ta Ghana da Tarayyar Ƙungiyoyin Masu Nakasa, a wani zaure a cikin gari, da Turanci ko Twi ko Ga. Suna iya ƙoƙarinsu, kuma ba don su ba da rigar ma ba ta zo ba. Amma wanda yake cikin rajistarsu galibi shi ne wanda ya yi makarantar makafi ta Akropong ko ta Wa, ya iya rubutun makafi, yana da waya mai karanta masa saƙo. Makahon zango sau da yawa ba wannan ba ne. Da idonsa ya tashi, ya yi allo, ya yi sana'a, ya aurar da 'ya'ya, sannan yanar ido ko hawan jinin ido ko ciwon suga ya rufe masa gani da girma. Bai ɗauki kansa ɗan wata ƙungiya ba, a wurinsa jarrabawa ce daga Allah. Idan mace ce kuwa, da wuya ta ƙara taka ƙofar gida sai biki ko rasuwa. Wanda bai san da abu ba ba zai tambaya ba, ma'aikacin wucin gadi da aka horar na 'yan kwanaki, layi ya yi masa tsawo, rana ta take, shi ma da wuya ya tuna ya ce, Baba, akwai wata riga, ko za ku gwada? Ƙungiyoyin masu nakasa da suke sa ido a zaɓuka sun sha kokawa a kan irin wannan.

Kuma rigar kaɗai ba ta isa ba, domin ba ta faɗin sunan kowa. Lamba kawai take bayarwa. Dole mai zaɓe ya zo da jerin 'yan takara a kansa. A zaɓen 7 ga Disamba 2024 sunaye 13 ne a takardar shugaban ƙasa. Mahamudu Bawumia na lamba 1, John Mahama na lamba 8, Alan Kyerematen na can ƙasa a lamba 13. A lamba 3 kuwa hoton Akua Donkor ne, wadda ta rasu a watan Oktoba bayan an yi nisa da buga takardu, aka bar gurbinta yadda yake, duk wanda ya dangwala a nan ƙuri'arsa ba ta shiga lissafin kowa ba. Mai ido yana ganin hoto da alamar jam'iyya, ko bai iya karatu ba zai gane. Makaho kuwa idan ya ji a rediyo cewa 'yan takara sun koma 12, ya ɗauka an cire gurbi ɗaya, to duk ƙirgensa daga lamba 3 zuwa ƙasa ya goce. Ga kuma takarda ta biyu, ta ɗan majalisa, wadda kowace mazaɓa cikin 276 take da jerinta daban. Wa ya zauna ya karanta wa tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki a Mamobi wannan jeri da Hausa, a hankali, har ta riƙe?

Sai batun tawada. Ko mai ido, idan yatsansa ya jiƙe da yawa ya ninke takarda ba daidai ba, tawadar na iya bugawa a gidan wani ɗan takara, a wajen ƙirga a ce ya zaɓi mutum biyu, a jefar. Ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. A zagayen farko na 2008 ƙuri'un da suka lalace sun haura 200,000, alhali tazarar da John Atta Mills ya ba Nana Akufo-Addo a zagaye na biyu kimanin 40,000 ce. Wanda ba ya ganin yatsansa yana buƙatar ya gwada da hannunsa tun kafin ranar: yadda zai taɓa tawada, yadda zai goge, yadda zai ninke. Ba a koyon wannan a tsaye, mutum ɗari na jira a bayanka.

Na san abin da wasu za su ce, su nawa ne duka-duka da za a yi ta wannan wahala? Ƙidayar 2021 ta nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan ƙasa masu shekara biyar zuwa sama suna fama da wani nau'in nakasa, mutum sama da miliyan biyu, kuma matsalar gani ce ta fi yawa a ciki. Ba dukansu ne suka isa zaɓe ba, ba kuma dukansu ne ke buƙatar taimako a rumfa ba, amma ko kaɗan daga cikinsu ya isa ya juya kujera. Maƙwabtanmu na mazaɓar Ablekuma ta Arewa sun shafe watanni ba su da ɗan majalisa bayan zaɓen 2024, sai da aka sake zaɓe a rumfuna 19 a watan Yulin 2025, aka rabu da tazarar ƙuri'a 209. Na kawo wannan ne don 'yan siyasa, su da lissafi suke ji. A wurina ko da makaho ɗaya ne tak a rumfa, sashe na 49 nasa ne kamar yadda yake nawa.

Akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa, wai ai makafin da ake gani a bakin titi baƙi ne, daga Nijar ko Najeriya suka zo, ba su da ƙuri'a. Wasu haka ne, kuma ba a kansu nake magana ba. Amma ya kamata ɗan zango ya fi kowa jin zafin irin wannan kuɗin goro. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi, kuma har yau akwai wanda ake tsayarwa a wajen rajista ana tuhumar asalinsa saboda sunansa ko harshensa, alhali kakansa a nan aka binne cibiyarsa. Sabon Zango kanta ta haura shekara ɗari da kafuwa, tun zamanin Malam Baƙo. Idan mai ido mai baki yana shan wannan tuhuma, ina ga makahon da ba shi da fasfo, bai samu zuwa yin katin ɗan ƙasa ba, sai ya nemo mutum biyu su tsaya masa? A 2023 an taƙaita rajistar sabbin masu zaɓe a ofisoshin gundumomi na Hukumar Zaɓe, mutane da yawa suka koka da nisa. Ga mai nakasa nisan ninki biyu ne, domin kuɗin mota na mutum biyu zai biya, kuma sai ranar da ɗan rakiya ya samu sarari.

Guragu nasu ciwon daban ne. Dokar masu nakasa ta 2006, mai lamba 715, ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara goma su gyara su yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2016. Ghana ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2012, wadda sashenta na 29 ya yi magana kai tsaye a kan jefa ƙuri'a a asirce da rumfuna masu sauƙin shiga. Mun yi sa'a da yawancin rumfunanmu a fili suke, a harabar makaranta ko gaban masallaci ko ƙarƙashin rumfar tamfol. Amma a Nima matsalar tana farawa tun daga ƙofar ɗaki. Lungu ne da mutum biyu ba sa iya jerawa, kwata a buɗe a tsakiya, an gitta katako ɗaya a kai. Na ga wata baiwar Allah da samari huɗu suka ɗaga da kekenta suka tsallakar da ita irin wannan kwata, tana riƙe da mayafinta da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe ƙarfen keken, idonta a rufe. Sun kyauta, Allah ya saka musu. Amma mace mai mutunci ba za ta so maza su riƙa ɗaukarta a bainar jama'a ba, kuma da yawa saboda haka suke zama a gida. Idan ta isa ma, in an kafa kwalin a kan baranda mai matakala ko a kan tebur mai tsayi, sai ta dangwala a kan cinyarta kowa na kallo. Zaɓen wuri mai shimfiɗe da sauke tebur ba sa cin ko sidi ɗaya, tunani kawai suke so tun kafin ranar.

Kurame kuma ana ganin masu fassara da hannu a kusurwar talabijin idan Hukumar Zaɓe na jawabi, abu ne mai kyau, amma kurman da bai yi makaranta ba, wanda shi da 'yan gidansu kaɗai suka san alamun da suke yi, wannan fassara ba ta isa gare shi.

Akwai abin da ya faru da na'urar tantance yatsa da yake nuna cewa gyara na yiwuwa idan an so. A 2012 da aka fara amfani da ita, ƙa'idar ita ce in na'ura ba ta karɓi yatsanka ba, babu zaɓe. Waɗanda kuturta ta ci yatsunsu, da tsofaffi, da masu aikin ƙarfi da zanen yatsunsu ya goge, su ne abin ya fi barazana gare su. Da yake maganar tantancewa ta shafi lissafin manyan jam'iyyu, har ta shiga cikin ƙarar zaɓen shugaban ƙasa na 2012 da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Agustan 2013, ba a bar ta haka ba. A 2016 aka yarda da tantancewa ta takarda ga wanda na'ura ta ƙi, a 2020 aka ƙara tantance fuska. Sirrin ƙuri'ar makaho bai samu irin wannan kulawa ba saboda babu jam'iyyar da take asara da rashinsa. Wasu ma riba suke ci.

Ba zan ɗora wa hukuma komai ba, domin babban kason namu ne. A 2013 da Shugaba Mahama ya naɗa Dokta Henry Seidu Daanaa, lauya kuma makaho, ministan harkokin sarautu, wasu sarakunan gargajiya sun fito sun ce al'adarsu ba ta yarda su yi hulɗa da mai nakasa ba. Majalisa ta tabbatar da shi, ya yi aikinsa. Ivor Greenstreet ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar CPP a 2016 da 2020 yana kan keken guragu. Mu Hausawa muna iya cewa ba mu da waccan ƙyama, tunda a al'adarmu har rawani ake naɗa wa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, matsayin da muka ajiye wa makaho shi ne na mai karɓar sadaka. Muna ba shi, muna neman addu'arsa, amma ba ma tambayar ra'ayinsa. Idan ana taron unguwa da ɗan takara, wa ke aika masa? Wanda ba ka ɗauka yana da ra'ayi ba, ba zai zo maka a rai cewa yana da sirrin da za a kiyaye ba. Shi ya sa yaron nan ya kama yatsan Baba da zuciya ɗaya.

Addininmu bai koya mana haka ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sha barinsa ya jagoranci mutanen Madina idan ya yi tafiya. Yana cikin ladanansa, kuma an ruwaito cewa ba ya kiran sallar asuba sai an gaya masa gari ya waye. Mutane su gaya masa abin da idonsa ba ya gani, shi kuma ya tashi ya yi kiran da muryarsa, masu azumi su ajiye abinci a kan kiransa. Ba wanda ya ce tunda ba ya gani bari in kira a madadinsa. Aikin ɗan jagora ranar zaɓe ke nan: ya faɗi inda tebur yake, ya faɗi wa ke lamba nawa, ya ja da baya.

Limamanmu duk Juma'ar da ke gaban zaɓe suna huɗuba a kan zaman lafiya, tun daga Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, har zuwa na masallatan unguwa, kuma ƙasa na amfana. Ina roƙon a ƙara jumla biyu a huɗubar: wanda ya raka makaho ko tsoho rumfa amana ya ɗauka, haramun ne ya ɗora yatsansa inda bai ce ba, haramun ne ya fito ya faɗi abin da ya ji. Masu gida kuma irin Alhaji, in da gaske don Allah suke taimako, su tambayi mutum wa yake so ya raka shi, su biya kuɗin motar, su tsaya a nan.

Daga Hukumar Zaɓe da hukumar wayar da kan jama'a ta NCCE abin da nake nema bai fi ƙarfinsu ba. A kawo samfurin rigar nan cikin zango watanni kafin zaɓe, a bar ta a fadar sarkin zango da manyan masallatai da wurin shugabannin makafi, da takardun gwaji da tawada, mutum ya zo bayan la'asar ya laluba sau goma in ya so. A samu mata su shiga da ita gidaje. Da zarar an fitar da jerin 'yan takara, a karanta shi da Hausa a shirye-shiryen Hausa na gidajen rediyo, a naɗi murya a tura ta WhatsApp, ko wanda ba shi da babbar waya jikansa zai kunna masa. A rumfa kuma ya zama wajibi shugaban rumfa ya fara gabatar da rigar ga duk makahon da ya zo, kafin a yi maganar mataimaki, kuma a matsar da wakilan jam'iyyu inda ba za su ji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, don haka masu koyarwar su zama makafi ne da kansu, a biya su, kuma a ɗauki masu nakasa cikin ma'aikatan zaɓe.

Za a samu makahon da zai ce shi dai ya fi son matarsa ko ɗansa ya dangwala masa, ya yarda da su, ba ya son wahalar ƙirgen tagogi 13. Haƙƙinsa ne, ba mai tilasta masa. Tsoho mai rawar hannu ma wataƙila rigar ba za ta yi masa ba. Bambancin shi ne wannan ya ga hanya biyu ya ɗauki ɗaya, Baba kuwa ɗaya aka nuna masa.

Bai kamata a jira babban zaɓen 2028 ba. Zaɓen majalisun gundumomi, wanda aka yi na baya a Disambar 2023, yana zuwa kafin nan, kuma ya fi wuya ga makaho, domin ba a shigarsa da sunan jam'iyya, babu lema babu giwa da zai riƙe a kansa, sai sunaye da hotunan 'yan unguwa, ga kuma doguwar takardar 'yan kwamitin yanki. Jama'a ba sa fitowa sosai a wannan zaɓe, layi gajere ne, ma'aikaci na da lokacin da zai zura takarda a riga ya bar mutum ya laluba a natse. Kuma wanda ake zaɓa a ranar shi ne wakilin unguwa da zai zauna a majalisar da ke yanke wace kwata za a rufe, wane lungu za a shimfiɗe, da yadda za a raba kason masu nakasa daga asusun gundumomi. Duk ɗan takarar da ya shigo gidajenmu neman wannan kujera, a tambaye shi makafi da guragu nawa ne a yankinsa, a wace rumfa kowannensu yake zaɓe, kuma yaushe zai je ofishin gunduma ya karɓo mana samfurin rigar.